Ranar da Masu Data Suka Zo Gidanmu

Shekarun baya, lokacin ina jan keke Napep na wani oga ina zaga Jos kamar ni na shimfiɗa titunan, muna zaune a gidanmu na gado can ƙasan Ali Kazaure, ni da mahaifiyata da ƙanwata. In na ce gida kada ku hango bene fa. Ɗaki biyu ne da ɗan falo, ginin jar ƙasa da aka shafe da siminti, kakana ya gina tun zamanin da kuza ke da daraja. Mahaifina ma sayen kuza ya yi har Allah ya karɓi abinsa. A zamaninsa ba a sauke tukunya a gidan nan, har mai wanki gare mu. Da ya tafi, abin da ya bar mana suna ne da bango.

Bangon ma ba lafiya gare shi ba. Akwai wata babbar kwata a bayan gidan, duk ruwan da ya gangaro daga saman unguwa nan yake bi, yana cin gindin ginin a hankali. Sai bangon falo ya tsage tun daga sama har ƙasa. Da farko kamar zare. Daga baya yatsana yana shiga. Daga baya kuma in na kanga ido ina hango akuyar maƙwabta tana cin kwali. Ni da bakina ba ya zama lafiya na ce wa ƙanwata, kin ga mun samu taga kyauta, ko kafinta ba mu kira ba. Umma ta wurgo mini murfin tukunya. Amma duk mun san abin ba na dariya ba ne, don in iska ta taso ƙasa ce ke zubowa a bayan kujera, kullum da safe sai ƙanwata ta share.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela bayan la'asar, wai ƙaramar hukuma ta fito da wani sabon tsari. Suna tattara bayanai, wato data, daga wajen masu unguwanni da asibiti da makarantu, har da hoton unguwa da aka ɗauka daga sama, su zuba wa kwamfuta. Ita kuma ta tace, ta fitar da gidajen da mutanensu ke dab da rasa wurin kwana. Gidan da ta sa wa kore lafiya lau yake. Ruwan ɗorawa a sa ido. Wanda ta sa wa ja kuwa, kafin damina za a kawo masa siminti da kwano da magini, in ma sai an rushe an sake ne a ba su ɗaki su zauna har a gama. Wai a tari abin tun kafin mutum ya koma kwana a tasha.

Na yi dariya har da buga ƙafa. Na ce gwamnatin da ramin bakin titinmu ya girme ni amma ba ta san da shi ba, ita ce za ta san tsagar falonmu? Sai abokina, mai shagon cajin waya a bakin layi, ya ce, “Kai dai ka cika surutu. Gwaggona ta unguwar Congo-Russia an gyara mata, je ka gani.” Na ja keke na je. Wallahi bango sabo fil, bulo ne ma ba ƙasa ba, tsohuwa na zaune a gindinsa tana tsince wake kamar matar kansila.

Bayan kwana kaɗan mai unguwa ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce gidanku ya fito a ja, za su zo su gani da ido kafin su tabbatar. Jama'a, na'urar da ba ta taɓa shan ruwan gidanmu ba ta gano mu. Ranar ko fasinja ban ƙara ɗauka ba, na yi gida da gudu.

Na tarar da Umma tana tankaɗe. Na ce, “Umma, albishirinki. Mun ci ja!”

Da na yi mata bayani sai ta ajiye rariyar. Ba ta yi murmushi ba.

“Wa ya kai musu maganar gidana?”

“Ba kowa, Umma. Kwamfuta ce.”

“Kwamfutar a unguwar nan take zaune?” Sai ta ce, “To. Baƙi za mu yi ke nan.”

Da na ji kalmar baƙi na san akwai matsala, don na san mahaifiyata. Matar da in maƙwabciya ta shigo muna shan kunu tsura sai ta ɗora tukunyar ruwa a wuta, don a ga hayaƙi na tashi.

Ana gobe za su zo na dawo na tarar da gida ya zama wani gida. An aro kushin daga gidan maƙwabta. An fito da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba an jere a kabet. Bokitan da muke tarar yoyo duk an tura ƙarƙashin gado. Sannan ga wani katon labule mai ruwan zinariya, wanda mahaifina ya taho da shi daga Makka, ita da ƙanwata sun kafa shi tun daga silin har ƙasa, ya rufe tsagar ruf. A tsakar gida kuma ga kaza an fige. Mu da rabonmu da nama tun layya.

Na ce, “Umma, mutanen nan fa talauci suka zo dubawa. Shi ne kayanmu, ki bar musu shi a fili su gani.”

“Rufe mini baki.”

“Wallahi in suka ga falon nan mu za su roƙa taimako.”

“Ka ji ni da kyau, ɗan nan. Baƙo bai taɓa shigowa gidan ubanka ya ga tsiraicinmu ba. Ba kuma a kaina za a fara ba.”

Na ce a raina ba komai, gobe a gabansu zan fasa ƙwan.

Da hantsi suka iso, su biyu. Wani saurayi ɗan bautar ƙasa riƙe da waya mai faɗin faranti, da wata mata mai jaket ɗin ma'aikata. Matar na shigowa ta tsaya turus, ta dubi bishiyar gwaibar tsakar gida, ta dubi Umma, sai ta durƙusa har ƙasa.

“Mama! Ka gane ni kuwa?”

Hausarta irin ta 'yan Jos ɗin nan da ba ruwansu da mace ko namiji, kowa “ka” ne. Ashe 'yar matar da ke mana wanki ce a da, tun kafin rikici ya raba garin kowa ya koma ɓangarensa. A gidanmu ta yi rarrafe. Umma ta sha goya ta in uwarta na wanki. Ni ma na tuna ta, Anti muke ce mata, ita ke raka ni makarantar da ban gama ba.

Umma ta rungume ta, ana ta tambayar bayan rabuwa. Amma ni ina kallon fuskar mahaifiyata, na ga yadda ta ƙara miƙe wuya ta gyara mayafi. 'Yar mai wankinta ce ta zo rubuta ta a cikin mabuƙata. Nan na san aiki ya ɓaci.

Aka zauna a kushin ɗin aro. Saurayin ya fara karanto tambayoyi.

“Mama, rufin yana yoyo?”

“Alhamdulillahi.”

“Akwai bangon da ya tsage ko ya karkace?”

“Mun gode Allah.”

Ya dubi wayarsa, ya dubi Anti. Ya ce, “Mama, abeg, ba wurin danna Alhamdulillahi a nan. Eh ne ko a'a?”

Umma ta ɗaga hannu ta nuna falon. “Kai da idonka, yaro. Ka ga alamar wahala?”

Ya dubi kwanuka, ya dubi labule, ya shaƙi turaren wuta, ya danna abinsa.

Ni kuwa na miƙe na ce, “Anti, don Allah ki ɗaga labulen nan. Akwai taga a baya, har akuya ake gani.”

Sai saurayin ya fashe da dariya. Ƙanwata ma don tsoro ta taya shi. Umma ta yi 'yar dariyar manya ta ce, “Kin dai san shi tun yana yaro. Har yau bai daina ba. Kada ki biye masa, sai ya sa ki ɗaga rufin gidan ma.”

Na ce, “Wallahi da gaske nake.”

Saurayin ya ce, “Oga, kai ɗan wasan kwaikwayo ne ko?”

Kun ji sakamakon mutumin da duk unguwa ta san shi da zolaya. Ranar da na faɗi gaskiya tsagwaronta, ranar aka fi yi mini dariya. Hannuna ya kai kusa da labulen, sai muka haɗa ido da Umma. Ba harara ta yi mini ba. Da harara ce da na ja shi. Roƙo na gani a idon, irin wanda ban taɓa gani ba. Na mai da hannuna aljihu.

Anti ta ce tana son ta zaga bayan gidan. Umma ta ce ai sai an bi ta cikin gidan maƙwabta, kuma matan kulle ne, ga ta da namiji, ga abinci na hucewa. Aka kawo shinkafa da kaza. Saurayin ya ɗauki hoton falo, ya ci cinya, ya ce rabonsa da irin wannan girki tun a garinsu. Da za su tafi Umma ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfarta na ƙarshe, ta ce a kai wa uwar Anti.

Ba a jima ba mai unguwa ya gaya mini mun koma kore.

Na ɗaga labulen na ɗauki hoton tsagar da wayata, na nufi sakatariya. Na sha zaman benci kafin na samu Anti. Tana ganin hoton ko mamaki ba ta yi ba.

“Na sani,” in ji ta. “Ƙofa a rufe, taga a rufe, labule yana motsi. Ina zaune ina kallonsa.”

“To me ya hana ki ɗagawa?”

“Kai me ya hana ka?”



Ta ce, “Matar da ya goya ni, in shiga ɗakinsa in tona shi a gaban yaron da ban sani ba? Hannuna ya ƙi.”

Na ce to ga hoto, a gyara. Ta ce ba a karɓar hoton waya, don da aka fara, mutane sun yi ta zuwa wani kango guda suna ɗaukar hotonsa, kowa ya ce gidansa ne. Yanzu sai da na'urarsu, a tsaye a wurin, kuma mai gidan ya dangwala yatsa ya yarda. Ta ce za ta zo ita kaɗai, ba mota, ba jaket, ba wanda zai san abin da ya kawo ta. Abu ɗaya take so, Mama ta ce to.

Na koma na yi lallashi. Na yi wasa, na yi fushi, na daina cin abincin gidan, na ga ba wanda ya damu na dawo na ci. Na turo kawuna, ƙanin Umma da ke Naraguta, ta ce masa yaron nan ne ke zuzuta abu. Anti ta zo da kanta, ba sau ɗaya ba. Umma ta shimfiɗa mata tabarma a gindin gwaiba, a yi hira, a yi dariya, falo kuwa a kulle, wai an fesa maganin sauro.

Damina ta sauka. Wanda ya san ruwan Jos ya san ba ya sallama, wani sa'in har da ƙanƙara. Kwatar bayan gida ta cika tana ambaliya. Labulen ya jiƙe daga ƙasa ya yi baƙi. Wata safiya muka ga kabet ta karkace, ashe daɓen ne ya fara nutsewa. Umma ta daɗe a tsaye tana kallo. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Ka ce wa yarinyar nan ta zo. Amma bayan Sallah. Kada 'yan yawon Sallah su tarar da gida a hargitse.”

Na kira Anti a take. Ta ce simintin ya kusa ƙarewa amma za ta san yadda za ta yi, washegarin Sallah tana nan tafe.

Bangon bai jira Sallah ba.

Da azahar ne. Ina fake da keke a wata rumfa wajen kasuwar Terminus, ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga kiran abokina. Ko gaisuwa babu. Ya ce, “Ka taho gida yanzu.” Na ce wane irin yanzu, ka ga ruwan nan kuwa? Ya ce, “Ka taho, gidanku ya zauna.”

Ban san yadda na iso ba. Bangon falo ya kwanta cikin kwata, rufin ya biyo shi, ya ja ɗakin Umma. Ƙanwata Allah ya taimaka tana islamiyya. Umma tana madafa ta ji ƙara, maimakon ta yi waje sai ta yi ciki, azara ta sauko mata a ƙugu. Samarin layi ne suka jawo ta.

Na tarar da ita zaune a kan dutse, ruwa na dukanta, ta ƙi yarda a ɗauke ta. Duk unguwa ta taru. Kuma komai na waje, jama'a. Katifar da ta huje muka cusa mata tsumma. Bokitan yoyo. Buhun masara da ba komai a ciki sai ƙasa-ƙasa. Tukunyar da aka ɗora da ruwa zalla. Duk abin da ta shekara tana ɓoyewa, ga shi a fili yara na tsallakawa. Ba ta yi kukan ƙafarta ba. Matan maƙwabta take kamawa tana cewa, “Ku rufa mini kayan nan. Don Allah ku rufa musu zani.”



Anti ta zo asibiti. Ta durƙusa a gaban gadon tana kuka, Umma ce ma ke ba ta haƙuri. A waje ta gaya mini ofishinsu na gidan da bai faɗi ba ne. In ya riga ya faɗi, ya fita daga hannunsu, sai ofishin agaji. Su kuma na agajin suka zo da tabarma da bargo da bokiti, suka ce sai mai gidan ta riƙe kayan an ɗauki hoto a gaban kangon. Na ce tana asibiti, ni ne magajin. Na rungumi bokiti na tsaya a kan ƙasar falonmu. Mai hoton ya ce in saki fuska. Na sakar masa har da haƙora.

Daga nan muka watse. Umma ta koma gidan kawu a Naraguta, aka share mata ɗakin da yake ajiye buhunan dankali. Ƙanwata aka kai ta wajen gwaggonmu. Ni kuma shagon abokina, in ya rufe in shimfiɗa kwali a ƙarƙashin wayoyin mutane, su suna caji ni ina jin sanyi. Sake ginin ya fi ƙarfinmu. Da ma gidan na kaka ne, sai 'yan uwan mahaifina suka taso aka sayar da filin aka raba. Yanzu wani ne ya yi shaguna a wurin. Gwaibar ma an sare.

An daɗe kafin na iya kama mana haya, ɗaki da falo, na tattaro su. Ƙanwata ta yi aure daga baya. Umma na nan da ranta, sai dai da sanda take tafiya, kuma in sanyi ya shigo ba ta barci.

Mutane in sun ji labarin nan kowa da wanda yake zagi. Wani ya ce laifin gwamnati ne, wani ya ce taurin kan tsofaffi. Ni dai na kasa zagin kowa. Kwamfutar nan ta faɗi gaskiya tun farko, mu muka ƙaryata ta da kaza da turare. Waɗanda suka tsara abin sun yi tunanin mai shirin rasa gida zai fito yana ihu a taimake shi. Ba su san akwai irin mahaifiyata ba, kuma irinta sun fi yawa a layinmu. Wanda ya fi kusa da faɗuwa shi ya fi kowa gyara mayafi. Da za su tambaye ni, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba, sai in ce kada su turo wanda aka sani, kada su sanar da ranar zuwa, kuma su fara zagawa bayan gida kafin su yi sallama. Amma wa ke tambayar ɗan keke?

Ita Umma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Ba ta ce na yi kuskure ba, ni ma ban ce na gaya miki ba. Anti tana zuwa gaishe ta duk Sallah, su yi hirar mutanen da, ba mai ambaton bango.

Kwanaki na kai ta asibiti saboda ƙugun, aka ce katinta ya ɓace sai an buɗe sabo. Yaron da ke gaban kwamfuta ya tambayi suna, ta faɗa. Ya tambayi shekaru, ta ce ya ƙiyasta. Ya ce, “Adireshi fa, Hajiya?”

Ta gyara zama ta ce, “Ali Kazaure, gidan mai kuza, ƙasan masallaci. Duk wanda ka tambaya zai nuna maka.”

Na buɗe baki. Zolaya ta zo mini har kan harshe, mai kyau ma kuwa. Sai na ga yadda ta riƙe sandar da hannu biyu tana jiran ya rubuta.

Yaron ya ɗago ya dube ni. “Haka ne, oga?”

Na ce, “Rubuta.”